Ƙyallaye Uku a Cikin Littafi Mai Tsarki

Gwaggo, don Allah ki agaje ni. Na ɗauko aikin alheri ya juye a hannuna, kunya kuma ta hana ni kai maganar wurin matar fasto.

Ni mai ɗinki ce, shagona yana jikin gidanmu. Maigidana makanike ne. 'Ya'yanmu biyu: babbar shekararta goma sha shida, muna ce mata Lauya don ba a kayar da ita a magana, sai ƙaninta Auta mai shekara tara. Bara fasto ya yi wa'azi cewa kowane gida ya riƙa karanta Littafi Mai Tsarki kullum, a kuma yi aiki da abin da aka karanta. Na dawo gida da zafina. Kowace safiya kafin a karya sai mu zauna a falo, in karanta aya, mu yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Da farko abin gwanin daɗi. Har Baban Lauya, mai gyangyaɗi a coci tun ba a gama waƙar farko ba, ya fara cewa amin da ƙarfi.

To, ga inda na ɓata. An ce a yi aiki da Maganar, ni kuwa na duba na ga masu buƙatar gyara cike da gidana. In ina kan keke ina ɗinki, sai in tuna wanda ya ɓata mini rai, in nemo ayar da ta yi masa cif kamar na auna shi da tef. Don kada shafin ya ɓace mini, sai in saƙala guntun ƙyalle. Ja na maigida, kore na Lauya, shuɗi na Auta. Auta ya ƙi tashi da wuri, gobe ayar ragwaye. Baban ya goge baƙin mai a sabon tawul ɗina, gobe ayar yadda miji zai riƙe matarsa. In karanta a hankali, ban kalli kowa ba, kamar ban san komai ba.

Ashe sun daɗe da gano ni! Auta ke leƙa littafin da asuba ya sanar da launin ranar. In ja ne, nan take Baban zai tuna akwai motar da mai ita ke jira a gareji. Wata rana ma na buɗe na tarar da guntun kwalin fulogin mota daidai kan ayar mace mai yawan mita. Na ɗaga kai, maigida yana ta hura shayinsa yana kallon silin. Ranar har ni sai da na yi dariya.

Amma na Lauya ba abin dariya ba ne. Gaskiya kore ya fi kowane launi yawa. Makon jiya ta same ni a shago ina yanka, ta tsaya bakin tebur, ta roƙe ni in daina kiranta zuwa karatun safe. Ta ce ta riga ta gane Allah kullum ni yake goya wa baya. Ta ce ko ita kaɗai ta buɗe nata littafin a ɗaki, muryata take ji tana mata faɗa, sai ta rufe. Ba gardama, ba ɗaga murya, yarinyar da ke musu a kan gishirin miya. Na ci gaba da yanka, har na ɓata hannun rigar mutane.

Baɗi za ta tafi makaranta nesa da gida, ina tsoron ta tafi ta bar littafin a ƙarƙashin gado. Amma Gwaggo, ayoyin nan ai ba ni na rubuta su ba, kuma ba ƙarya na karanta ba. In tilasta mata ta zauna, ko in ƙyale ta kamar yadda babanta ya ce?

Taki, Mai Ɗinki da Ta Rasa Bakin Zare

'Yata Mai Ɗinki,

Na yi dariya a kan kwalin fulogi har tabarau ya zame mini. Kafin in ja miki kunne, bari in yaba miki. Shekara guda kina tara iyalinki kowace safiya, har makanikenki ya san inda zai nemo aya. Gidaje da yawa ba su kai nan ba.

Kin yi gaskiya, ayoyin ba ƙarya ba ne, uwa kuma tana da ikon tsawatarwa. Sai dai in Lauya ta yi miki rashin kunya, kira ta gefe ki faɗa mata da bakinki a ranar. Ajiye fushi ya kwana, a wayi gari a karanta shi a gaban kowa da sunan ibada, wannan ne ya ƙona ta. In da bakinki kika yi faɗan, tana iya ba ki amsa ko ta ba ki haƙuri. Amma wa zai amsa wa aya? Kin kuma ba ni launi uku a gidan mutum huɗu, ina naki?

Ki cire ƙyallayen nan yau. Ku ɗauki sashe ɗaya ku bi shi daga farko har ƙarshe, inda aka tsaya jiya a ɗora yau, ta yadda ba mai zaɓa wa wani. Karatun ya riƙa zagayawa, har da Auta. Bayan an karanta, kowa ya faɗi abu ɗaya da shi kansa zai yi a ranar, ba abin da wani zai gyara ba, kuma ke za ki fara. Minti goma ya isa, kada shayi ya huce.

Kada ki tilasta mata. Babanta ya yi daidai a nan, amma ƙyalewa kaɗai ba ta isa ba. Ki same ta a ɗakinta hannu wofi, ba littafi, ba wa'azi. Ki ce mata kin yi kuskure, fushinki ne kika riƙa karanta mata, ba fushin Allah ba, ki roƙe ta gafara. Zai yi miki nauyi, na sani. Wataƙila ba gobe za ta dawo falon ba, ki ba ta lokaci. Yarinyar nan ta ji ayoyi da yawa daga bakinki. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne aya ta tanƙwara uwarta, kuma wannan ne za ta tafi da shi makaranta.

Ubangiji ya ba ki ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar 'yarki, ya sa albarka a gidanku.

Gwaggonku