Sunan da Ke Bangon Comic ɗin Yaya Khalid

Daren Laraba, Levenshulme

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ina son Yaya Khalid, ɗan Anti Hadiza ta Sparkbrook. Saboda shi na koyi zancen comics, ni da ban san komai ba sai littattafan soyayya. Shi ya ce min in mai zane zai sa hannu a comic, ba a bari ya rubuta sunan kowa, darajarsa zubewa take. "Ke Ummi, sai mahaukaci yake yin haka," in ji shi.

Kwanaki ya aika wanda ya fi so wurin masu tantance sa hannu. Ya ba su address ɗinmu, wai surprise ne. Ni kuwa na ɗauka nawa ne, har na gama tsara yadda zan sunkuyar da kai in yi godiya.

Yau wasiƙarsu ta zo, na buɗe a bandaki. Sun ce sa hannun na gaske ne. Ga hoton bangon, ga suna ɓaro-ɓaro a saman sa hannun: Nabila. Yayata! Wadda take ce musu "cartoon ɗin yara". Ashe a kanta ya zama mahaukacin.

Muna cin abinci ta ce, "Auta, an kawo post?" Na ce ban duba ba. Ta ƙara min nama ma, abin haushi.

Na so in yaga ta, wallahi. To in na yaga, sunan zai goge ne? Da safe zan miƙa mata kafin ta tafi uni, in dai kumburin idona ya sace.