Cikin Hannun Gwanata

Zuwa ga Gwanata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin naki? Ya ƙarfi, ya cin abinci? Ina fatan wasiƙar nan za ta same ki da sauƙi, ke da Yaya da Anti da duk mutanen gidan. Allah ya saka wa yayanki da matarsa da alheri, da suka ɗauke ki kusa da babban asibiti. Rubutu na zaɓa tunda waya tana wahalar da ke. In na ji yadda harshen ke yi miki nauyi sai in rasa abin faɗa. Anti ta ce za ta riƙa karanta miki, direban motar kaya kuma ya yarda ya riƙa kaiwa.

Na san ba lafiyata kike son ji ba, lafiyar tanderu ce. To yana nan da ransa, ban bar shi ya huce ba. Amma fa ashe kallo daban, aiki daban. Shekara da shekaru ina tsaye bakin wuta, ki miƙo faranti in tura, in fitar, in ɗaure a bayan babur in kai. Na ɗauka duk wahalar tawa ce, ke wasa da gari kawai kike yi. Ranar da na fara kwaɓi da kaina, na buga biskit ɗaya a gefen tebur, tebur ɗin ne ya ji jiki. Mai kantin masana'anta da muke kai wa kaya ta ciza ɗaya, ta dafe muƙamuƙi, ta tambaye ni ko sana'ar bulo na koma.

Na ɗora laifin a kan fulawa, kuma rabi da gaskiyata. Irin wadda kike saya ta ƙare, mai shago ya ba ni wata ya ce ai fulawa fulawa ce. Ashe ta burodi ce, mai danƙo. In na murza kwaɓin sai ya tattare ya dawo kamar roba, in na yanka da bakin kofi, kafin in ɗaga kai ya ƙanƙance. Ɗaya rabin laifin nawa ne. Da na ga ya ƙi ni sai na ce bari in nuna masa ƙarfi, na yi ta danna shi ina naɗewa har botar ta narke ta tsatso a tebur. Daga baya na tuna ke ba kya yi masa haka. Da kan yatsu kike murtsuke bota cikin gari har ya koma kamar yashi, ki yayyafa ruwa, ki tattara shi kawai, ki rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle ki juya masa baya. Ni da nake miki tsiya wai kwaɓinki ya fi mijinki samun hutu, yau ga ni zaune ina jiran sa ya huta.

Donot kuwa ba a magana. In man bai yi zafi ba ya sha shi ya yi nauyi, in na ƙara wuta waje ya ƙone ciki ɗanye.

Akwai maganar da ba zan ɓoye miki ba. Mai gidan da muke haya ya leƙo. Wani mai aski yana neman ɗakin tanderun. Ya ce albarkacinki zai bar mana shi muddin ana aiki a ciki, amma ranar da aiki ya tsaya zai rushe tanderun ya ba mai askin. Kin kuma san in mai kanti ta daina karɓa, sauran masu saye ba su isa a hura musu wuta ba. Ta ce za ta ɗan yi haƙuri saboda ke. Tsoro nake ji, Gwanata. Allah bai ba mu haihuwa ba, ya ba mu ɗakin nan, tubali da tubali muka gina tanderun ni da ke. Ba na so ki warke ki dawo ki tarar ana aski a inda kike kwaɓi.

Don haka ki daure ki faɗa wa Anti awon komai, a hankali, ko kalma ɗaya-ɗaya ce, ta rubuto mini. Yaya ya ce hannu da ƙafar da suka shanye suna ta sakewa, na ji daɗi ƙwarai. Ki gaishe su duka. Allah ya tashi kafaɗunki.

Naki,
Sarkin Wutarki

Zuwa ga Gwanata,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Ya jiki, ya haƙuri da magani? Ina gaida Yaya da Anti. Saƙon awo ya iso, ki yi mini godiya wurin Anti, rubutunta ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

Na samo fulawarki mai laushi a wani shago can bayan tasha. Na daina kokawa da kwaɓi. Har ruwan sanyi nake tsoma hannu kafin in taɓa bota, don na lura tafin hannuna zafi gare shi. Taurin ya tafi, na ce alhamdulillahi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Na bi awonki ban ƙara ban rage ba. Kin ce ga kowane kwanon fulawa, sukari cikin hannu biyu, hodar da ke tayar da kwaɓi abin da yatsu uku suka ɗauka, gishiri ɗan tsunkule. Haka na yi. Sai biskit ya baje a faranti ya haɗe da ɗan'uwansa, gefe ya ƙone tun tsakiya bai gasu ba. Launinsa ya yi rawaya, in ka ci kuma sai ka ji kamar ka lashi sabulu. Ma'aikatan masana'anta sun fara dawo wa mai kanti da shi a leda. Wannan karon ba ta yi mini barkwanci ba, ta karɓi rabi ta turo mini rabi, ta ce in gaishe ki. Wallahi gara tsiyar da wannan shirun.

Na zargi sukarin, na zargi hodar ko ta daɗe, na zargi itacen, har tanderun na harara. Da abin ya ishe ni na kira ƙanwata ta zo ta taya ni. Kin san ta da baki, tun daga ƙofa ta ce aikin mata ne na tsoma hannu a ciki. Na karanta mata awon, ta auna, ta kwaɓa, na gasa. Nata ya fito fari fat, a kwance, ba zaƙi ba tashi. Gari ɗaya, wuta ɗaya, magana ɗaya, amma kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Muka tsaya muna kallon farantai biyu. Sai ta kama hannuna ta ɗora nata a kai tana dariya, wai wannan shebur ɗin ne zai auna sukari. Hannunta gajere ne dunƙule, bai kai rabin nawa ba.

Nan take na gane. Ashe duk shekarun nan ban da kwanon fulawa ba mu da ma'auni a ɗakin nan sai hannunki. Ba mu taɓa sayen sikeli ba, ba mu taɓa ware cokali ba, don ba mu taɓa tunanin ranar da za a yi kwaɓi ba ke ba. Cikin hannunki ba cikin hannuna ba ne. Na zauna ina ƙoƙarin tuna girmansa, siriri ne mai dogayen yatsu, na riƙe shi ba adadi, amma ban san sukari nawa yake ɗauka ba.

Ina ta gwaji, in rage nan in ƙara can, sai dai kowane gwaji buhu yake ci, haƙurin mai kanti kuma ya kusa ƙarewa. Amma ga dabara ta zo mini, kuma mai sauƙi ce. Anti ta kawo tire da sukari da hoda da gishiri ta ajiye miki a cinya. Ki ɗiba da hannun damanki yadda kika saba, ki zuba, ita kuma ta ƙulla kowanne a ledarsa ta ba direba. In sun iso zan nemi kofi da cokalin da suka yi daidai in sa musu alama. Tunda Yaya ya ce hannun ya sake, abin ba zai ɗauke ki lokaci ba. Kin ga ko kina kwance ke ce mai kwaɓin.

Ki yi mini wannan da wuri, Gwanata, rabona da jin ƙarfin gwiwa irin na yau tun ranar da kika faɗi. Allah ya ƙara sauƙi.

Mijinki mai hannun shebur,
Sarkin Wutarki

Zuwa ga Anti,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya gida, ya ɗawainiya da mai jiki? Allah ya biya ki. Wannan wasiƙar taki ce ke kaɗai, don Allah kada ki karanta mata. Tata tana cikin ɗaya ambulan ɗin.

Yaya ya kira ni ya faɗa mini abin da ya faru. Ya ce kin so ki ɓoye wasiƙar, ita ta matsa sai an karanta, ta kuma matsa sai an kawo tiren. Ya ce ta ɗauki hannun daman da na hagu ta ɗora shi a kan sukarin, yatsun suka ƙi rufewa. Ta gwada ta sake gwadawa. Da kika ce ta ɗiba da hagu, ta ɗiba, ta duba, ta zubar ta girgiza kai. Tun daga ranar ta juya fuska bango, abinci sai da lallashi. Ya kuma faɗa mini abin da likita ya ce tun farko, cewa ƙafar za ta iya dawowa amma kada a sa rai da hannun.

Na yi fushi da Yaya, ba zan ce ban yi ba. Da bai ce mini hannun yana sakewa ba, da ban aiko da wannan wauta ba. Na san don ya kwantar mini da hankali ya yi. Amma fushin da nake yi da kaina ya fi. Garin neman gira na rasa ido. Ni da hannuna na rubuta abin da ya nuna mata abin da kowa yake ɓoye mata, har ina yabon dabarata.

A nan ma babu labari mai daɗi. Na kai gwajin har inda biskit ɗin yake ciyuwa, ba ɗaci ba tauri, amma ba nata ba ne, kuma bakin mutane ya sani. Ina ganin ma ba awo ɗaya take yi kullum ba, in gari ya yi laima hannun yana ragewa, in ya bushe yana ƙarawa, ita kanta ba ta san tana yi ba. Mai kanti ta koma sayar da na kamfani mai fakiti. Ba ta yi mini wulaƙanci ba, har bakin ƙofa ta rako ni, ta ce ita ma ma'aikata ne suka sa ta a gaba.

Da ba mai saye, sai na riƙa hura wuta a tanderu ba komai a ciki, don mai gida ya ga hayaƙi. Ina zaune ina ƙona itace ina kallon farantai a jingine. Abin bai daɗe ba. Mai gidan ya shigo wata safiya ya ce shekarun nan ƙamshi ne yake tashe shi, yanzu hayaƙi kawai yake shaƙa. Ya buɗe tanderun ya duba, ya rufe. Bai ɗaga murya ba, ni ma ban iya roƙo ba, don ya cika alkawarinsa.

Sun rushe shi, Anti. Ban tsaya ba, na zagaya bayan layi, amma ina jin gudumar. Tubalin ya ƙi su, sai da suka yi gumi. Na ɗauko ƙofar ƙarfen da abin murjinta da ƙyallen rufe kwaɓi na kai ɗakinmu. Jiya na wuce na ga an yi fenti an kafa madubi. Ni kuma na fara ɗaukar fasinja da babur.

Yaya ya ce ba abin da take tambaya sai ko wuta na ci. Ya ce in ta ji an rasa ɗakin bayan hannun, bai san abin da zai sa ta sake buɗe baki ta ci abinci ba. Ni ma ban sani ba. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, Allah ya yafe mini wannan. Ki karanta mata tata da fara'a, kada muryarki ta yi rawa. In ta yi tambaya ki ce ba ki san komai ba sai abin da ke rubuce.

Na gode da komai. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
mijin mai jiki

Zuwa ga Gwanata,

Assalamu alaikum, uwar ɗakina. Ya jiki? Na ji an ce kina yi wa abinci yanga, to ki daina, ko in zo da kaina in yi miki ɗura.

Albishirinki. Ki manta da maganar tire, shirmen mijinki ne, ban ma ƙara buƙatarsa ba. Na gano awon da kaina. Rabin cikin hannuna da ɗan ƙari shi ne naki, hodar kuma da yatsu biyu nake ɗauka. Biskit yana fitowa ja-ja, gefe ƙaras-ƙaras, ciki yana narkewa a baki. Donot ya daina shan mai. Mai kanti ta ce da kyar take bambance shi da naki, amma na san ta faɗa ne don in ji daɗi, naki daban ne. Mai gida yana gaishe ki. Wuta tana ci kullum, ɗakinki yana nan yana jiran ki, ba abin da aka taɓa.

Ke dai ki ci abinci, ki yi abin da likita ya ce, kada ki yi gaggawar dawowa. Ki zauna wurin Yaya har ki yi ƙarfi sosai, ko zai ɗauki lokaci ba komai.

Abu ɗaya nake roƙo. Na san halinki, za ki ce in ba direba kaɗan ya kawo miki ki ɗanɗana. Kada ki ce haka, Gwanata. Hanyar ba ta da kyau, kafin su iso duk sun farfashe.

Ina kewarki fiye da yadda takarda za ta ɗauka. Allah ya ba ki lafiya.

Naki har abada,
Sarkin Wutarki