Tauraruwar da Muke Kora da Ƙwarya

Asabar, 24 ga Zulƙida, 1299

Tauraruwar nan mai wutsiya ta sake fitowa. Kafin kiran assalatu, daga gabas, daidai kan kukar bakin ganuwa. Kanta kamar garwashi, wutsiyar fara fat, ta miƙe sama kamar an shanya zugu. Gamzaki kuwa tun damina ba wanda ya gan shi. Na ce wa ƙananan jikoki ai shi ne, naman biri ya sata ya ci, wutsiya ta tsiro masa. Sun yi ta dariya. Ni kam ban taya su ba.

Hajjo maƙwabciyata ta ce shekara mai zuwa ce ta dubu da ɗari uku, duniya ta zo ƙarshe. Maza sun ce yaƙi ne. Mu mata mun fara fita da ƙore muna bugawa, yadda ake yi in rana ta kama wata, ko ta ji kunya ta koma inda ta fito. Na kai babbar ƙwaryata ta dama fura. Na buga har tafin hannuna ya yi zafi.

Ragowar takardar marigayi Malam nake ɓatawa. Da yana raye da ya ce ba don wannan ya koya mini baƙi ba.

Litinin, 26 ga Zulƙida

Jaji, babban jikana, maigidana na wasa, ƙato har da ɗan gemu, ya ƙi fitowa ya kalle ta ko sau ɗaya. Da an fara kiɗan ƙwarya sai ya ja bargo ya rufe kai.

Ubansa Abarshi ya hana kowa kwana a gonarmu ta dajin yamma, don an ga sawun dawakin masu kamun mutane. Dawa ta nuna, birai na can suna sha'aninsu.

Da ana cin tuwo na ce, "Maigida, ashe 'yar'uwata mace na aura? Gobe zan sa a raba auren nan, in koma wa gwaggon biri. Shi dai ba ya tsoron wutsiya, yana da tasa, ga dawa ya tara mini."

Kowa ya fashe da dariya. Har Ladi, yarinyar da yake nema, wadda ta shigo karɓar wuta, sai da ta toshe baki da mayafi.

Ya ce, "Tsohuwa, in na sake ki wa zai kwasa?"

Amma bai ƙarasa tuwonsa ba.

Talata, 27 ga Zulƙida

Jaji ba ya ɗakinsa. Baka da kwari ba sa inda yake rataye su. Mai tsaron ƙofa ya ce ana buɗewa ya fita, ya yi yamma.

Laraba, 28 ga Zulƙida

Da hantsi mutanen ƙauyukan yamma suka shigo a guje, wasu da goyo, wasu ko zane babu. Mahara sun auka musu da asuba. An rufe ƙofofin gari, an tokare da gungume. Abarshi ya yi roƙon duniya a bar shi ya fita, aka hana.

Saude, uwar Jaji, ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, kuka ma ba za ta yi a gaban mutane ba. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, yaron nan ko guzuri bai ɗauka ba." Shi ke nan abin da ta ce. Ta tashi ta koma ga turmi.

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 29 ga Zulƙida

Ƙananan sun zo neman tatsuniya. Na ce bakina na ciwo.

Asabar, 1 ga Zulhajji

An hana hura wuta bayan isha, kada a hango gari daga daji. Ban taɓa ganin duhu irin wannan a Birnin Gwari ba. Barci ya ƙi, na lallaɓa na hau soron zaure da gwiwoyin nan nawa.

Taurari kamar an watsar da gero a kan baƙin zane. Har sun yi yawa, suna tsorata mutum. Ga Kaza da 'ya'yanta a cure wuri ɗaya. Jaji yana ƙarami, a kan cinyata, na ce masa ɗan tsako guda ya ɓace shi ya sa kullum take tattara sauran. Ƙarya ce na shirya don ya daina yawon dare. Ya yi kuka a kan ɗan tsakon har ya yi barci.

Yamma baƙi ƙirin. Kura na kuka can ciki, wata na amsa mata.

Sai ita ta ɓullo. Na sauko na ɗauki ƙwarya. Na buga, na zage ta, na ce tafi, annoba, ke kika jawo mana. Na san ba ita ta yi magana a bakin tuwo ba.

Litinin, 3 ga Zulhajji

An bar maza sun fita da makamai. Sun iske bukkar gona a ƙone, sawun dawakai ko'ina, da takalminsa ƙafa ɗaya. Ba gawa, ba jini. Abarshi ya ce ko an ɗaure shi an yi gaba da shi, ko daji ya haɗiye shi. Bai dube ni ba da yake faɗa.

Hajjo ta shigo da irin gaisuwar da ban so ba, murya ƙasa-ƙasa. Na ce ta tashi, ba a yi mutuwa a gidan nan ba.

Talata, 4 ga Zulhajji

Hadari ya rufe sama jiya, aka yi ruwa, ina jin na ƙarshe ne. Ba ta fito ba. Mata suka yi ta guɗa, wai mun kore ta. Ni ma na ce alhamdulillahi, har na taka rawa kaɗan, Allah na gani.

Laraba, 5 ga Zulhajji

Ta dawo. Saude ta daina cin abinci.

Juma'a, 7 ga Zulhajji

Ya dawo! Ya dawo. Baƙin ma ya karkace.

Da fitowar rana aka ji mai rauni na kira a ƙofar yamma. A kafaɗa aka shigo da shi. Ƙafafu sun kumbura, ƙaya ko'ina, ciyawa ta tsattsage masa jiki, ido ya faɗa. Saude ta dube shi sau ɗaya, ta shige ɗaki ta saki labule. Mun ji ta.

Da ya sha kunu ya ba da labari guntu-guntu. Da ya ji dawakai sai ya faɗa cikin ciyawa ya yi ta gudu, har bai san gabas da yamma ba. Da rana ba damar motsi, mahara na kewaya, sai ya kwanta cikin kurmi. Da dare ya hau itace saboda kura. Tafiya sai gab da asuba, cikin duhu, ba hanya.

"Sai na ɗaga kai na gan ta, Kaka. Na rufe ido. Can na tuna ashe daga gona, inda take fitowa nan gari yake. Kullum ta fito sai in sauko in bi ta, har gari ya fara wayewa in ɓuya."

Sannan ya ce, "Daren ruwan nan da ba ta fito ba, na yi ta tafiya na dawo gindin itacen da na bari. Ranar na yi sallama da duniya."

Daren da na taka rawa.

Da Kaka ya kira ni, ba tsohuwa ba. Ni kuma tun da aka shigo da shi na tanadi wata magana a kan gwaggon biri. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Sannu, Jaji." Na ci gaba da cire masa ƙaya.

Lahadi, 9 ga Zulhajji, jajiberen Sallah

Hajjo ta leƙo tun kafin asuba, wai in fito da ƙwarya, har yanzu abar nan na sama. Na ce ƙwaryar ta tsage.

Ba ta tsage ba. Furar Jaji ce a ciki.

Na hau soro, don zafi ne kawai, ɗakin ba iska. Tana nan kan kuka, ta ɗan koɗe. Har yanzu in na dube ta gabana na faɗuwa, ban kuma san abin da shekara mai zuwa ta ƙunsa ba. Ƙasa mata na ta bugu.

Na ce wa tauraruwar sannu da aiki. A hankali, kada Hajjo ta ji.