Sunan Jikata

Daren Alhamis, watan Rajab, Ƙofar Atiku

Yau aka yi sunan jikata. Na tashi harshena da nauyi, ƙafar hagu tana ja, kamar kullum in zafi ya shigo, tun da na yi shanyewar ɓarin jiki. Ni ke raɗa suna a gidan nan, amma da na fara addu'a maganar ta cakuɗe. Mutane suka yi ta ƙarasa mini. Ƙanena Buhari ya ce, "Yaya, huta, bari in faɗa." Ya faɗa, aka shafa fatiha.

Da aka watse, matata Hauwa ta miƙo mini jaririyar. Na kai baki kunnenta, na yi ta fama har "Rukayya" ta fito daidai. Ita kaɗai ce yau ta jira na gama.