Tsutsa a Waken Labo

Gangara, Litinin

Ƙanwata Rufaida,

Bayan gaisuwa, ina aiki, ina yara? Na ba ɗan kabu-kabu takarda don ban son maganar nan a waya. Kin san irin waken da abokina Hambali ke kawo muna daga Katsina, wanda ganyensa ke kashe tsutsa. Bara da bara waccan ban yi feshi ba. Bana duk kwanson da na ɓare, tsutsa ce ciki. Zargina Hambali ya gauraya mani da waken kasuwa. Na daina gaida shi. Tunda kuna binciken ƙwari a buronku, wato ofishin noma, ki duba mani.

Yayanki, Labo

Maradi, Laraba

Yaya Labo,

Na gaishe ka da damana. Aiko mani ganye da tsutsa masu rai cikin kwalba, daga gonarka da ta Hambali. Kar ka yi faɗa da kowa tukuna.

Rufaida

Gangara, Juma'a

Rufaida,

Gaisuwa. Me ya kawo gonar Hambali cikin zancen? Ko kun yi magana? Ga kwalaben dai. Gonarsa ma tsutsa ta cika ta, amma mai wayo na iya shuka gauraye don ya rufe bakin mutane. Irin nan ba da takarda ya ƙetaro iyaka ba. In hukuma na da niyyar tuge mani wake, gaya mani gaskiya.

Labo

Maradi, bayan Mauludi

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ban yi magana da Hambali ba. Irin na gaske ne, maganin na cikin ganyen duka biyu. Na ba tsutsar da muka kamo a wani gari, Sae Sabuwa, ganyenka, duk ta mutu. Taku ta ci ta yi ƙiba. Tsutsar wajenku ce ta fi ƙarfin maganin, Hambali bai cuce ka ba. Amma dole na gaya wa shugabanmu, don uwar tsutsar fuka-fukai gare ta, za ta kai gonakin mutane. Ran kasuwa za mu zo. Batun tugewa ban da tabbas. Ka yi haƙuri, Yaya.

Ƙanwarka, Rufaida

Gangara, Asabar

Rufaida,

Na gaishe ki. Na je na ba Hambali hannu, ya amsa. Ku zo. Ya ce in tugewa za a yi, ku fara da gonarsa. Ban dai gane abin da ya sa yake gaggawa ba.

Allah ya kawo ku lafiya.

Labo