Layin da Muka Ja a Kan Taswira

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo miki gaisuwa mai tarin yawa, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan da kika ce sanyin can yana tayar miki. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna ta warware daga murar da ta kwantar da ita, har ta koma faɗan da ta saba yi da kajinta. Matar Auta cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har takalman mijinta take sawa, shi kuma yana yawo cikin gari da silifas. Yarana suna makaranta, babansu yana gaishe ki da kyau.

Yaya, ranar da kika kira kina tambayata me na yi wa Baba, ina tsakiyar mutane a ofis, shi ya sa kika ji ina ta kame-kame. Tun ranar ban samu natsuwa ba. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga, don na san da na fara magana kuka zai ƙwace mini, ke kuma ki hau rarrashina, mu rabu ba ki ji komai ba. Gara in rubuta, ki karanta a tsanake, sannan ki yanke mini hukunci yadda kika saba tun muna yara.

Abin da ya faru shi ne, hukuma ta sake raba garuruwa tsakanin gundumomin lafiya. Kin san kowane gari dole ya zama a ƙarƙashin gunduma ɗaya. Ofishin gundumar ne yake aiko da alluran rigakafi, shi yake turo ma'aikata, shi yake duba rijiyoyi idan gudawa ta ɓarke, motarsa ce kuma take zuwa ɗaukar mai naƙuda idan haihuwa ta zo da gardama. To mutane sun ƙaru, gundumar birni ta cika ta batse, sai aka ce a ɓallo wasu garuruwa a yi sabuwa. Aka kafa kwamiti, aka saka ni a ciki saboda ni ke kula da lafiyar mata da ƙananan yara. Da aka ba ni takardar har murna na yi, ban san abin da ke jirana ba.

Da ma kin ga ɗakin da muke zama. Fanka ɗaya ce, tana juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo mana a ka, ga wata ƙatuwar taswira an manna a bango, kowane gari an soka masa fil mai launi. Ja na tsohuwar gunduma, kore na sabuwa. Abin da ake dubawa a fili yake: yawan mutanen gari, nisansa da ofis, ko hanyarsa tana biyuwa da damina, da kuma ma'aikatan da ake da su. Yawancin garuruwa ba a ɓata lokaci a kansu ba, ana kallon taswira an san inda suka dace. Amma fil ɗin garinmu, Yaya, ya sha cirewa da sokawa har takardar wurin ta huje. Yau ja, gobe kore.

Kin san yadda muke. Tun tasowarmu birni muke bi, amma mu ne na ƙarshe a kan hanya, ga gadar nan mai ƙasa-ƙasa da ruwa yake shanyewa duk damina. Bara motar rigakafi ta sha juyawa daga bakin gadar, yaran da aka haifa da damina sai da kaka suka samu allurar farko. Ni nake karɓar rahoton, na san gidajen da aka yi rashi, wasu ma kin san su. Sabuwar gundumar kuwa hanyarta tudu ce, ko da keke mutum ya je ya dawo kafin rana ta take. Matsalar ɗaya ce: ofishinta a garin maƙwabtanmu aka ajiye shi, mutanen nan da suka janye mana kasuwa tun muna 'yan mata, waɗanda har yau Baba yake cewa lokacin da garinmu yake gari su 'yan bukkoki ne a bakin gonar kakanmu.

Doka ta ce a saurari kowane gari kafin a yanke, don haka aka kira wakilai. Wa kike tsammani ya jagoranci namu? Baba ne, da babbar rigarsa, Kawu Dogo yana bayansa riƙe da sandarsa. Ina zaune a teburin kwamiti mahaifina yana tsaye a gabana yana jawabi, na rasa inda zan sa idona. Kuma kada ki ɗauka girman kai kawai ya kawo, wallahi ya yi magana mai ma'ana. Ya ce sabuwar gundumar har yanzu suna ce kawai, ɗakuna biyu da allo a ƙofa. Ya ce asibitin birni ya san hawan jininsa, ya san sukarin Gwaggo, ya san tsofaffin gari ɗaya bayan ɗaya. Ya ce idan aka cire mu, birni za ta janye Malam Mai Allura, mutumin da ya yi wa rabin garin rigakafi, wanda ko a gona aka tare shi ba ya cewa ya tashi daga aiki. Sannan ya ƙare da cewa shi dai bai ga ranar da zai je ya yi layi a garin da suka koyi ɗaura zariya a wurinmu ba. Ɗakin ya fashe da dariya, har shugaban kwamiti. Ni kaɗai ce ban yi ba.

Bayan sun fita shugaban ya ja ni gefe, ya ce ya san halin da nake ciki, idan ina so in fita shan iska lokacin da za a yanke na garinmu, ba wanda zai ga laifina. Na yi masa godiya, har na miƙe na kai bakin ƙofa, sai na tsaya. Na ce a raina, in na fita yau, duk macen da ruwa ya tare a bakin gada da naƙuda, da wane ido zan kalli rahotonta? Na dawo na zauna, na faɗi abin da na sani game da damina, na ce a sa mana kore. Ra'ayi ya rabu sosai, kuma kowa ya ga maganata ce ta rinjayar da masu shakka. Kafin in isa gida labari ya riga ni.

Da a ce daga nan komai ya tafi daidai, da ban dame ki da wannan doguwar takarda ba. Abin da Baba ya faɗa shi ya fara faruwa. Birni ba ta yi wata-wata ba, ta aiko mota ta kwashe firjin allurai da gadon awo, ta mai da Malam Mai Allura wani gari. Ranar da zai tafi mata suka cika ƙofar ɗakin shan magani suna share hawaye. Sabuwar gunduma ta yi mana alkawarin ungozoma da ma'aikacin rigakafi, amma har yau ɗakin a kulle yake, awaki ne suke kwana a barandarsa. Ga matar Auta haihuwa yau ko gobe, ga wasu masu ciki da yawa a unguwarmu kaɗai.

Na zama kamar mai aljanu, Yaya. Da safe ina ofishinmu, da rana ina sabon ofis, da yamma ina gida ina auna matar Auta da abin awona. Jami'in sabuwar gundumar mutumin kirki ne, amma shi ma hannunsa a ɗaure yake. Yau ya ce an sa hannu a takardar ungozomar, gobe ya ce ta zo ta ga gidan da aka ba ta babu rufi a ɗaki ɗaya ta koma, jibi ya ce ana jiran firji. Abinci ba ya shiga mini. Baban yara ya ce ko zama na yi ƙafata rawa take, wai kujerun gidan sun fara kai ƙarata. Idan na shiga gari kuwa, matan da muka yi wasan ƙasa tare suna gaishe ni da sannu da aiki, mai taswira. Gwaggo ta ce mini da ta san karatun da aka kai ni na sayar da gari ne, da ta ɓoye jakar makarantata tun ina aji ɗaya. Da wasa ta faɗa, amma ba da wasa ta nufa ba.

Baba bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Idan na durƙusa na gaishe shi sai ya ce lafiya, ya ƙara muryar rediyo. Abincin da na aika sai ya ce a ba yara. Inna tana tsakiya, ta ce mini a ɗaki in yi haƙuri, tsufa ne, ta fita ta ce masa ya yi haƙuri, ƙuruciya ce. Ni da na aurar da 'ya, wai ƙuruciya.

Shekaranjiya ina ofis mai gadi ya leƙo ya ce wani dattijo yana kan benci tun ɗazu, ya ƙi faɗin sunansa, ya ce zai jira layinsa kamar kowa. Na fito na ga Baba zaune tsakanin masu neman takardar haihuwa. Na rikice, na ce ya shigo, ya ce ba wurin 'yarsa ya zo ba, wurin ma'aikaciyar hukuma ya zo, a nuna masa layin nan da aka ja a kan taswira, wanda ake ta magana a kai. Na kai shi ɗakin taro. Ya daɗe tsaye gaban taswirar, ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa daga bakin kogi har ya zo wani wuri ya tsaya. Ya ce ashe ta tsakiyar gonarsa muka bi, ke nan idan maciji ya sare shi a kunyar gabas mutanen birni ne za su duba shi, idan a ta yamma ne sai maƙwabta. Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ya yi kamar bai gani ba.

Sai da na natsu ya ce har gobe bai yarda da abin da na yi ba, kuma kada in sa rai zai yarda. Amma tunda an ɗaura mu da mutanen nan, ba zai zauna a gida surukarsa ta haihu a hannun Allah-Ya-kiyaye ba. Ya ce ya riga ya sa Kawu Dogo ya tara magina su yi wa ɗakin ungozomar rufi, don ita baiwar Allah ba ta yi wa kowa laifi ba. Sannan ya tambaye ni wace rana shugabannin sabuwar gundumar suke zama. Na ce Alhamis. Ya ce to zai je ya zauna musu a wuya, ba zai tashi ba sai an ba shi ungozoma da firji, su gane cewa ba 'yan rakiya aka kawo musu ba. Ya ce ni zan kai shi a motata, zai zauna a gaba, kuma kada in yi masa surutu a hanya.

To Yaya, ga inda muke. Ban sani ba ko Alhamis za mu dawo da wani abu a hannu, ban kuma sani ba ko cikin nan zai jira mu. Har yanzu idan na tuna ɗakin nan a kulle sai in tambayi kaina ko na yi gaggawa. Abin da nake roƙonki, ki kira Baba ki gaishe shi kawai, kada ki tayar da maganar, kada kuma ki ce za ki shirya mu. Mutumin da ya rantse ba zai taka garin maƙwabtan nan ba ya sa an wanke masa babbar riga saboda zuwa can, ni wannan ya ishe ni a yanzu. Ki dai dage mana da addu'a, musamman matar Auta.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko mata da hoton yara kawai, ki kawo su ta gan su da idonta. Gwaggo da Kawu Dogo da Auta da matarsa duk suna miƙo gaisuwa. Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa mini kan takwarata da ƙannenta. Allah Ya tsare ku, Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, wadda yanzu ake kira mai taswira