Ruwan Ƙiraga a Tafkin Maigatari

Sule Tankarkar, 9 ga Rajab, 1345

Ubale,

Tun kafin gaisuwa ka ji wannan: kada ka ɗora hannunka a kan Alƙur'ani saboda kamfani. Ko da a ranar Baturenku zai kore ka, kada ka ɗora. Idan ka yi, ka nemi wata uwar.

To, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da matarka Kyauta da abin da take ɗauke da shi. Mu nan lafiya muke, sai ciwon gwiwata da ka sani.

Takardarka ta iso ranar Talata a hannun fataken kanwa. Ka ce shanun Sajo makiyayi guda goma sha ɗaya sun mutu bayan sun sha ruwa a tafkin da ke bayan rumfar ƙiragan kamfaninku a Maigatari, shi kuma ya kai ƙara gaban alƙali. Ba shi da shaidu biyu, saboda haka rantsuwa ta komo kanku. Bature ba ya tsayawa gaban alƙali, kai ne malamin shari'arsu, don haka kai ake so ka rantse a masallaci ranar Juma'ar tsakiyar Sha'aban cewa babu hannun kamfani. Alhali ka san a wannan tafkin ake zubar da ruwan maganin da ake tsoma ƙiraga don kada ƙwari su ci su, har sau biyu ka rubuta wa Bature a haƙa rami, ya ajiye takardar ba a haƙa ba.

Shekara goma ina dafa wa kakanka tawada lokacin yana muhuti, mataimakin alƙali, a Gumel, ina bayan zana ina jin yadda ake shari'a, kuma a gabansa na sauke littattafan da kai ma ka karanta. Wakili yana magana a madadin wanda ya wakilta shi, amma ba ya rantse masa. Na ji a Ikko ana ce da irinku lauya. Ko me aka kira ka, hukuncin bai sake ba.

Ka shiga wurin maigidanka ku biyu kawai, ka gaya masa gaskiya ba tare da ɗaga murya ba. Abin da suke ciyar da kai dominsa ke nan, ba don ka ce musu to ba. Ka ba shi shawarar sulhu da Sajo. Ka rubuta shawarar da kwanan wata, ka kwafi ɗaya ka ajiye a gafakarka. Amma kada ka kai maganarsu wurin Sajo ko kasuwa, domin amana ce suka ba ka. Ni kaina bai kamata ka rubuto mini ita ba. Wane irin wakili ne yake zuba sirrin maigidansa a takarda ya ba mai jaki?

Na san ka sa hannu a yarjejeniyar shekara uku, ɗaya ce kawai ta wuce. Na san ɗakin da kuke kwana nasu ne, Kyauta kuma ta shiga watanta na takwas. Duk na sani. Ba ni na ce ka je ba, amma yanzu ba lokacin wannan maganar ba ne.

Ka gaishe da Kyauta, ka ce ta daina ɗaukar tulu. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Asama'u

Sule Tankarkar, 22 ga Rajab, 1345

Ubale,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Kyauta, yaya aiki? Mu nan da godiya.

Akwai abin da na ɓoye maka a takardar da ta wuce. Na yi maka faɗa a kan amana, ban gaya maka abin da ni na yi ba.

Ka san al'adar gidan nan. Idan takarda ta zo daga nesa, a tsakar gida nake buɗe ta, mata su taru in karanta kowa ya ji gaisuwarsa. Haka na yi da taka. Na zauna a tabarma, ina karantawa da ƙarfi, ina jin daɗi maƙwabta suna jin rubutun ɗana. Ban ankara ba sai da na wuce wurin ruwan magani, na wuce wurin ramin da ka ce a haƙa. Da na ɗaga kai sai ga Cindo mai kawo mana nono tana zaune a bakin turmi, ta bar ludayi a cikin ƙwarya. Cindo yayar Sajo ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin tana shigowa gidan nan, ita ta riƙa ɗura maka kindirmo lokacin da aka yaye ka. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Na yi ta fata ko ba ta gane ba.

Shekaranjiya Sajo ya yi sallama a zaure. Ya durƙusa ya gaishe ni, yana ta ce mini Inna Malama. Ya ce shi ba rigima ya zo ba, aron takarda ya zo, ya kai wa alƙali ya gani ya maido mini. Ya ce a cikin shanun akwai biyu na marayun ƙanensa, kuma wadda ake tatsa wa gidana ma tana ciki. Ya ce ai ni nake koya wa matan garin nan cewa ɓoye shaida zunubi ne, ko kuwa karatun na 'ya'yan wasu ne kawai?

Idan na ba shi, na tona amanar da aka ba ka, rubutun hannunka zai kashe ka a gaban alƙali da gaban Bature. Idan na hana shi, na zama abin da ya ce. Na roƙe shi kwana goma, ya ba ni. Tun ranar ban leƙa ko ƙofar gida ba, na kuma sallami masu zuwa ɗaukar karatu, domin ban san da wane baki zan karantar ba.

Kada ka jira Bature ya ji a bakin wani. Ka je ka gaya masa da kanka cewa maganar ta fita, kuma ta hannunka ta fita. Kada ka ce ta hannun uwarka don ka sami sauƙi, kai ka rubuta. Nawa laifin ni zan ji da shi. Ka gaya masa ba za ka rantse ba, kuma sulhu ne kaɗai ya rage masa. Ka aiko mini da amsa kafin kwana goman su cika.

Allah ya kare ka.

Mahaifiyarka,
Asama'u

Sule Tankarkar, 20 ga Sha'aban, 1345

Ubale,

Assalamu alaikum. Barka da arziki. Allah ya raya yarinya, ya ba mai jego lafiya. Na aiko da kanwa da gero da daddawa, a yi mata kunu kullum, kada a yi wasa da ruwan wanka.

Amsarka ta zo ana saura kwana ɗaya, takardarka ta biyu kuma jiya. Na gode wa Allah ba a yi rantsuwar ba. Sajo ya biyo da kansa ya ce an yi sulhu a gaban alƙali, kamfani ya maye masa shanunsa, an kuma haƙa ramin. Bai ƙara tambayar takarda ba. Ni kuma na wanke ta, na zuba ruwan a gindin ɗorawa saboda sunan Allah da ke ciki. Cindo dai ba ta dawo ba. A wurin wata muke sayen nono yanzu.

Na karanta sauran kuma. Bature ya karɓe hatimi da mabuɗin akwatin takardu, ya ce wanda sirri ya fita ta hannunsa ba ya ƙara riƙe masa shari'a. Bai kore ka ba, bai kuma sake ka ba. Ya tura ka Gagarawa, inda ake cewa layin dogo zai bi, ka tsaya kan masu shanya fata har shekara biyun su cika. Ka ce masaukinku rumfar kara ce, ka ce mutanen da suke ce maka Malam a da, yanzu sunanka suke kira. Ka ce ko ka gudu Damagaram da iyalinka.

Ba za ka gudu ba. Ka sa hannu, za ka cika. A kan tafki Bature ne ya yi kuskure, a kan takarda kuwa gaskiyarsa ce, kuma ba zan yi maka ƙarya don ka ji sanyi ba. Shekara goma sha biyar ka yi kana karatu, ni na zauna a tabarma na zubar maka da shi a hantsi ɗaya don in burge maƙwabta. Ban taɓa neman gafarar ɗa ba, yau ina nema. Ka yafe mini.

Ga abin da na shar'anta a gidan nan, na tara kowa na faɗa. Ba a ƙara buɗe takarda a tsakar gida. A ɗakina zan karanta ni kaɗai, in fito in ba kowa gaisuwarsa da baki. Kai kuma, ko an maido maka da hatimi ko ba a maido ba, maganar aikinka ba ta ƙara shigowa gidan nan, ba a takarda ba, ba a bakinka ba. Ranar da na ga sunan kamfani a rubutunka, a nan zan tsaya, in naɗe in mayar maka. Na san ba ka da wanda kake gaya wa damuwarka sai ni, kuma na san abin da na hana ka. Ka rubuto mini lafiyarka da ta Kyauta da ta yarinya. Iyakar ke nan.

Allah ya yi maka albarka, ya kai mu azumi lafiya.

Mahaifiyarka,
Asama'u